Wayar Aiki da Wayar Gama-gari: Ina Bambancin Yake, Wacce Zan Saya Wa Yarana?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Jos. Ina ɗaukar dankalin Turawa da kayan gwari daga Farin Gada zuwa Abuja, ina kai wa otal-otal da manyan shaguna. Ina da yara goma sha biyu: direbobi, masu karɓar oda, da mai riƙe mini lissafi. Ina so in saya musu wayoyin aiki. Wani ɗan'uwana ya ce kada in sayi irin wadda kowa ke riƙewa, wai akwai waɗanda aka yi musamman don kasuwanci. Na zaga wajen masu sayar da waya, kowa sai ya ɗauko mini mai tsadar shagonsa ya ce ita ce ta 'yan kasuwa. Don Allah mene ne ainihin bambancin, kuma ya cancanci in ƙara kuɗi a kai?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a cikin nema. Sana'ata ita ce haɗa wa kamfanoni da ƙungiyoyi kwamfutoci da wayoyin ma'aikatansu, tsakanin nan Jos da Abuja, don haka wannan fagena ne. In na fahimce ka daidai, abu biyu kake son sani: shin da gaske akwai wayar da aka yi don kasuwanci daban da wadda jama'a ke saya, sannan in akwai, shin mai yara goma sha biyu da motocin dankali yana bukatarta, ko kuwa ta bankuna da kamfanonin mai ce.

Ɗan'uwanka yana da gaskiya, bambancin yana nan. Amma masu shagon ba su amsa maka tambayarka ba, domin tsada ba ita ce alama ba. Akwai wayar da kuɗinta ya haura naira miliyan ɗaya, wadda in ka miƙa wa yaronka ita yadda ta fito daga kwali, ba ta tsare maka komai ba. Akwai kuma mai matsakaicin kuɗi wadda in an saita ta yadda ya kamata, ta zama cikakkiyar wayar aiki. Wayar gama-gari an yi ta ne a kan cewa wanda ya saya shi zai riƙe, shi ne mai ita, kuma sirrin da ke ciki nasa ne. Wayar aiki kuwa an tsara ta da sanin cewa mai ita daban, mai riƙonta daban, kuma mai riƙon nan yau yana tare da kai, gobe yana iya barin aiki, ko a ƙwace masa ita a tasha.

Inda maganar ta samo asali

A shekarun 2000, da ido ma kana iya rarrabewa. Wayar manyan ma'aikata a duniya ita ce BlackBerry, ta wani kamfanin Kanada mai suna Research In Motion. Tana da cikakkun maɓallan rubutu a gaba, imel yana shigowa nan take, amma abin da ya sa bankuna da gwamnatoci suka rungume ta shi ne wata babbar kwamfuta da ake ajiyewa a ofis, wadda duk wayoyin ma'aikata ke ƙarƙashinta. Jami'in da ke kula da ita yana iya tilasta wa kowa sa lambar sirri, yana iya goge wayar da ta ɓata daga kan kujerarsa. Barack Obama ma da ya hau mulkin Amurka a 2009 sai da ya dage aka bar masa tasa. Mu a Najeriya ta wata ƙofa ta shigo mana. Wajen 2010 zuwa 2013 ta zama wayar gayu, samari da 'yan mata suna musayar lambar BBM, wato manhajar hirarta, ana biyan kuɗin BIS, wato sabis ɗin intanet ɗinta, duk wata. Hira muka fi yi da ita, ɓangaren da aka ƙera ta dominsa kuwa 'yan kaɗan ne suka taɓa shi.

A can ƙasashen waje iska ta riga ta juya. iPhone ta fito a 2007, wayar Android ta farko ta biyo baya a 2008, dukkansu don jama'a aka yi su. Ma'aikata suka fara zuwa ofis da nasu, manyan daraktoci suka ce a sa musu imel ɗin aiki a ciki, kamfanoni kuma ba yadda suka iya. BlackBerry ta daina ƙera waya da kanta a 2016, ranar 4 ga Janairun 2022 kuma ta kashe sabis ɗin tsofaffin wayoyinta. Amma bukatar da ta haife ta tana nan, sai dai ta tashi daga jikin waya ta koma cikin manhaja. Samsung ta fito da tsarin tsaronta mai suna Knox a 2013. Google ta sa hanyar raba waya gida biyu, na aiki da na kai, a cikin Android 5.0 a 2014, abin da ya girma ya zama Android Enterprise. Apple ma tana da nata, Apple Business Manager, tun 2018. Shi ya sa yau za ka ga waya iri ɗaya a hannun ɗalibin Jami'ar Jos da hannun ma'aikacin banki, launi ɗaya, kyamara ɗaya, amma ta ɗalibin tasa ce shi kaɗai, ta ma'aikacin kuwa ofishinsu na iya kulle ta cikin dare.

Wa ke riƙe da makulli

A nan zan fi daɗewa, ranka ya daɗe, don nan dukiyarka take. Kai mai motoci ne, ka riga ka san tsarin: motar da ka ba direba shi ke tuƙa ta, amma takardunta da sunanka suke, makulli na biyu yana wajenka, kuma ranar da kuka rabu ba ya tafiya da ita. Yawancin 'yan kasuwarmu in sun saya wa yaro waya, sun ba shi mota ne har da takardu da sunansa, ba su sani ba.

Ga yadda abin ke faruwa. An sayo sabuwar waya an miƙa wa yaro a kwalinta. Ya kunna, ta nemi adireshin Gmail, ya sa nasa. Ya sa layin da ya yi wa rajista da lambar NIN ɗinsa. Ya buɗe WhatsApp da wannan layi, kwastomomi suka saba da lambar, mai sayo wa otal kaya a Wuse ko Maitama ita ya ajiye da sunan "mai dankali na Jos". Bayan shekara biyu yaro ya samu jari, ko kuka saɓa, ya kama gabansa. Ko ya dawo maka da wayar, gangar jikin kawai ya dawo da shi. A wajen hukuma layin nasa ne, kwastomomi shi za su ci gaba da kira, kuma tarihin oda da na bashin da kake bi duk suna cikin hirarrakin da ya tafi da su. Ita kanta wayar ma ba lallai ta amfane ka ba. Tun daga Android 5.1 akwai wata kariya wadda in an goge waya ba tare da an fara cire adireshin mai ita ba, ba za ta buɗe ba sai an sa adireshin Gmail na ƙarshe da ya zauna a cikinta tare da kalmar sirrinsa. iPhone ma haka take da iCloud. An yi haka ne don a karya kasuwar ɓarayi, kuma abu ne mai kyau, amma a wajen mai kamfanin da bai shirya ba sai ya zama asara. Na taɓa shiga ofishin wani kamfanin rarraba kaya a Abuja, manajan ya jawo mini durowa cike da wayoyi masu lafiya, wasu ko ƙwarzane babu a gilashinsu. Duk wadda na kunna sai ta tsaya a shafi ɗaya tana neman imel ɗin wani ma'aikacin da ya daɗe da barin aiki, wasu ma an rasa inda suke. Manajan ya ce mini kowace shekara sai sun sake sayen sababbi, alhali ga waɗannan a kwance.

Maganin wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da wayar aiki. Akwai manhajoji da ake kira MDM, masu kula da wayoyin ma'aikata daga nesa, irin su Microsoft Intune, da wanda ke cikin Google Workspace, da na Knox. Kai ko wanda ka wakilta kuna da shafi ɗaya a kwamfuta, inda duk wayoyin ke jere da sunayen masu riƙe da su. Shigar da waya ciki ba wuya. In ka kunna sabuwar Android, a shafin farko na maraba, kafin ka sa komai, ka taɓa gilashin sau shida a wuri ɗaya, sai kyamara ta buɗe tana neman lambar QR. Ka nuna mata wadda shafinka ya fitar, ta haɗu da intanet, ta ɗauko dokokinka da kanta. Daga nan wayar ta san mai ita. Ba za ta yarda a bar ta babu lambar sirri ba. Manhajojin da ka zaɓa su za su sauka, kana kuma iya hana wasu, musamman waɗanda ake turo wa mutane ta WhatsApp ba daga Play Store ba, da manhajojin bashi masu kwashe lambobin jama'a su riƙa tura musu saƙon cin mutunci. Ka yi tunanin irin wannan saƙo ya isa ga manajan otal ɗin da kake kai wa kaya, saboda yaronka ya ci bashin naira dubu ashirin da wayar aiki. In an sace waya, ka kulle ta ko ka goge ta daga shago. In yaro ya tafi, ka goge ka ba wani, ba ka neman imel ɗin kowa.

Ba dole ba ne kuma kowace waya ta shiga hannunka gaba ɗaya. In yaro yana da wayarsa mai kyau kuma ba ya son riƙe biyu, ana buɗe masa ɓangaren aiki a cikinta. Manhajojin wannan ɓangare za ka gan su da 'yar alamar jaka shuɗiya a gefe. Kai kana da iko da abin da ke cikin ɓangaren kawai, hotunan iyalinsa da saƙonninsa ba ka ganin su, ranar rabuwa kuma ɓangarenka kaɗai za ka share. Akwai kuma akasin haka, inda ake kulle na'ura a kan aiki ɗaya tak. Ka lura da na'urar POS mai babban gilashi da masu cire kuɗi ke riƙewa a Terminus da bakin kasuwar Farin Gada? Da yawansu Android ce a ciki, irin ta wayarka, amma ba ka iya shiga Facebook da ita, kuma kamfanin da ya bayar da ita yana sabunta ta ko ya dakatar da ita daga nesa. A ganina ita ce wayar kasuwancin da 'yan Najeriya suka fi sabawa da ita, ko da yake ba ma kiranta waya.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Wannan hidima galibi ba kyauta ba ce, ana biya duk wata ko duk shekara a kan kowace waya ko kowane ma'aikaci, kuma yawanci da dala ake lissafin. Sannan ba kowace waya ke ɗaukar tsarin yadda ya kamata ba. Ƙananan wayoyi masu Android Go (Android ɗin da aka rage wa nauyi don wayoyi masu araha) da yawa ba sa buɗe ɓangaren aiki, wayoyin da ba su da manhajojin Google a ciki, kamar sababbin Huawei tun daga 2019, su ma ba sa shiga wannan tsari na Google. Tun 2018 Google take fitar da jerin wayoyin da ta gwada ta amince da su don aiki, mai suna Android Enterprise Recommended. Kafin ka biya kuɗi, a duba maka ko samfurin yana ciki.

Shekara nawa za ta yi

Bambanci na gaba ba ya nuna kansa sai an kwana biyu. Manhajar da ke tafiyar da waya kullum ana gano ɓaraka a cikinta, kamfani kuma ya turo gyara. Shi ne saƙon nan na a sabunta waya, wanda yawancinmu ke tsallakewa don kada data ta ƙare. Ranar da kamfani ya daina turo gyaran, wayar za ta ci gaba da kira da amsawa, amma duk ɓarakar da aka gano bayan nan haka za ta zauna, kuma a hankali manhajojin banki su fara ƙin aiki a kanta. Mai saye don kansa bai cika damuwa ba, tunda bayan shekara biyu hankalinsa ya koma kan sabuwa. Kamfani kuwa so yake ya san tun ranar saye tsawon lokacin da zai mori kayansa, shi ya sa masu ƙera waya suka fara yin alkawari a rubuce. Google ta yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ta yi wa jerin Galaxy S24 irin wannan a 2024, har ƙaramar Galaxy A16 an ba ta shekara shida. Wayoyi masu araha da yawa kuwa ba a faɗin komai a kansu, kuma sau da yawa kafin shekara biyu ta cika saƙon ya daina zuwa.

Lissafin shekarun nan daga lokacin da samfurin ya fito kasuwa ake fara shi, ba daga ranar da ka saya ba, don haka sabuwa a kwali tana iya zama tsohuwa a wajen kamfaninta. Kana iya dubawa a shagon. A haɗa ta da intanet, a sa ta nemi sabon gyara, sannan a shiga saiti, wajen bayanin waya, a duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In bayan haka kwanan watan ya wuce shekara guda baya, an riga an yi watsi da ita. Ka ɗauki wannan a matsayin misali kawai: wayar naira 100,000 da za ta yi shekara ɗaya da rabi tana cin kusan 67,000 a shekara, ta naira 200,000 da za ta yi huɗu kuwa 50,000 take ci. Araha ba ta ado, amma mai tsada ma in babu alkawarin gyara a bayanta ba ta fi ba.

Masu taurin jiki

Akwai rukunin da da gaske jikinsu daban ne, mai yiwuwa su ɗan'uwanka yake nufi. Samsung tana da jerin Galaxy XCover: jiki mai kauri, batir da ake cirewa a sa wani, abin da ya kusa ɓacewa a wayoyin yanzu, da maɓalli a gefe wanda ake saitawa ya yi aiki ɗaya, kamar magana irin ta oba-oba. Kamfanoni kamar Zebra da Honeywell kuma suna yin masu na'urar karanta lambar kaya a kai, don manyan rumbunan ajiya. Kyamarorinsu ba na burgewa ba ne, siffarsu ma haka, kuma wannan ni a wajena riba ce, don ba sa ɗaukar idon ɓarawo.

In ka ga an rubuta IP68 a kwali, lamba 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 8 kuma tana nufin tana jure nutsewa a ruwa, yawanci zurfin mita ɗaya da rabi na minti 30. Ga wanda ke lodi a Farin Gada cikin ruwan Agusta da taɓo, ko cikin ƙurar hunturu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a ruwa mai tsabta ake gwajin, kariyar tana raguwa in waya ta tsufa ko mai gyara ya buɗe ta, kuma garanti ba ya cika ɗaukar ɓarnar ruwa. Babbar matsalar irin waɗannan wayoyi a wajenmu ita ce kayan gyara. In gilashin ya fashe, mai gyara a titin Ahmadu Bello zai ce maka sai an aiko daga Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, direbanka kuma ya zauna ba waya. Don haka ban ga dalilin da za ka saya wa mutum goma sha biyu su ba. Riga ta roba mai kauri da gilashin kariya a kan waya ta gama-gari suna ɗauke mafi yawan faɗuwar da za ta yi.

A nan ne ma wayoyin gama-gari suka yi zarra. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya kama kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka ne saboda ya kalli bukatunmu: layi biyu, batir babba mai kai wa dare inda wuta ba ta tsayawa, kyamarar da ke fitar da baƙar fata da kyau, cibiyoyin gyara na Carlcare, da kayan gyara a kowane lungu. Ga direban da ke kan hanya, waɗannan ma siffofin aiki ne. Abin da za ka bincika a kansu shi ne tsawon alkawarin gyaran tsaro na samfurin da ka zaɓa, da kuma ko yana shiga tsarin kulawa daga nesa, don samfuransu ba ɗaya suke ba.

Wayoyin hannu da ake cewa na Landan kuwa, a yi hattara da su sosai a harkar aiki. Wasu daga cikinsu tsofaffin wayoyin ma'aikatan wani kamfani ne a Turai ko Amurka, waɗanda ba a cire su daga tsarin kamfanin ba, an dai yi dabara an tsallake shafin. Ranar da ka goge wayar sai ta dawo tana cewa wani kamfani ne ke kula da ita, ta ƙi wucewa. Wasu an kulle su a kan layin ƙasar da suka fito. iPhone ta kasuwar Amurka kuma, daga 14 zuwa sama, ba ta da ramin sa sim kwata-kwata, sai eSIM, wato layin da ake saukewa cikin wayar ba tare da kati ba. In dole sai ka sayi ta hannu, a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a sake kunna ta da intanet har ta kai shafin gida, sannan ka biya.

Da ni ne a matsayinka

Da layi zan fara, kafin waya. In kasuwancinka yana da rajistar CAC, ka je ofishin kamfanin sadarwa ka nemi layukan kamfani, ka tambaye su tsarin CUG wanda yaranka za su riƙa kiran juna a kan kuɗin wata ƙayyadadde. In ba ka da rajistar, wannan dalili ne na yin ta, domin akwai iyaka ga yawan layukan da mutum ɗaya zai iya rataya wa lambar NIN ɗinsa. Lambar da kwastoma ya sani ita ce kasuwarka, kuma bai kamata ta kasance da sunan wani ba, ko ɗanka ne na cikinka. Kowace waya a buɗe mata imel na kamfani, kalmar sirri da lambar dawo da shi suna wajenka. Ko ba ka biya kuɗin MDM ba, wannan kaɗai ya ba ka damar kullewa ko goge wayar da ta ɓata ta hanyar manhajar Google ta neman waya, wadda kyauta ce. A sa WhatsApp Business a kan layin kamfani, a kunna masa kariya ta biyu mai lamba shida da imel ɗinka, a kuma haɗa shi da kwamfutar mai lissafi don oda ta riƙa bayyana a wuri biyu.

Kada a manta da sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Mai ƙwacen waya sau da yawa ba wayar ce ta fi damunsa ba, sim yake cirewa ya sa a ƙaramar waya, ya bi ta lambobin banki da ake dannawa ya nemi hanyar asusu. Sim mai lambar sirri ba ya aiki a wata waya sai an sa lambar. In an kuskure sau uku zai nemi PUK, wato lambar buɗe sim ɗin da ya kulle, don haka a adana katin da sim ɗin ya zo a jikinsa, don a kansa take rubuce. A danna *#06# a kowace waya a rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, a littafi, tare da sunan wanda aka ba.

Wajen saye, samfuri ɗaya zan saya wa direbobi da masu karɓar oda, mai matsakaicin kuɗi, don caja ɗaya ta yi wa kowa, riga ɗaya, mai gyara ɗaya. Batir kada ya gaza 5,000mAh, RAM kada ta gaza 4GB, ma'ajiya 128GB tunda hotunan buhuna da rasit za su yi yawa. Direbobi su riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, saboda tsakanin Hawan Kibo da Akwanga har zuwa Keffi akwai inda wannan zai ɗauke wancan ya kawo, a kuma sa musu caja mai kyau a mota. Inda zan kashe kuɗi da gaske shi ne waya biyu: taka da ta mai lissafi. A nan manhajar banki za ta zauna, a nan kaɗai, don haka su zama masu dogon alkawarin gyara, masu buɗewa da yatsa, waɗanda ba a ba yara a gida su yi wasa da su. Kuɗin kwastoma kuma ya riƙa shiga asusun kamfani kai tsaye, a tabbatar da shigarsa a cikin manhajar banki, ba da saƙon alat da kowa ke iya ƙirƙira ba.

Shi kansa MDM, a yara goma sha biyu kana kan iyaka. In kana da wanda ya iya kwamfuta kuma ka amince da shi, ko kana shirin ƙara mutane, ka sa shi tun yanzu, don shigar da waya tana sabuwa ya fi sauƙi a kan a karɓo ta daga hannun yaro a goge. In babu mai kula da shi, kada ka biya kuɗin abin da ba wanda zai buɗe shafinsa. Matakan layi da imel da na faɗa sun ɗauke maka mafi yawan haɗarin.

Akwai kuma haƙƙin yaran. Duk abin da aka sa a waya a faɗa musu a fili: ana ganin inda take ko ba a gani, me aka hana, wa zai biya in ta fashe ko aka sace. A rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Na ga inda aka ɓoye wa ma'aikata, da suka gano sai suka riƙa barin wayar aiki a kashe suna harka da tasu, aka koma gidan jiya. Bibiyar mota a kan hanya lokacin aiki daidai ne, leƙen asirin mutum bayan ya tashi aiki kuwa ba daidai ba ne a addini da kuma doka. Tun Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC mai kula da ita. Sunaye da lambobin kwastomominka suna cikin abin da dokar ta ɗora maka nauyin tsarewa, har ta ce in bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Yadda dokar ta shafi kasuwanci mai girman naka, wannan aikin lauya ne, shi za ka zauna da shi.

Ba zan ɓoye maka iyakar wannan tsari ba. Umarnin goge waya ba ya isa sai ta hau intanet, in ɓarawo ya kashe ta ya cire sim, lambar sirrin da ke gilashi ce kaɗai ke tsare ta, shi ya sa ba a sa 1234 ko shekarar haihuwa. Babu kuma manhajar da za ta hana yaro kwafe lambobin kwastomomi da biro a takarda. Wannan sai kyautatawa da biyan haƙƙi a kan lokaci, da kuma kai kanka ka riƙa gaisawa da manyan kwastomominka don su san muryarka. Farashi kuma da gangan ban kawo maka ba, tunda da dala yake tafiya, abin da na faɗa yau ba lallai ya kai mako ba.

Kada ka sayi goma sha biyu a tashi ɗaya. Ka sayi biyu tukuna, a saita su da layi da imel na kamfani, ka ba direba ɗaya da mai karɓar oda ɗaya na mako biyu. A duba ko batir yana kai Abuja da taswira a kunne, ko kwastoma yana jin murya cikin hayaniyar kasuwa, ko ana ganin gilashin a tsakar rana, ko hoton tumatir yana fitowa da ainihin launinsa. In sun ci jarrabawa, sai a sayi sauran, a ƙara guda ɗaya ta ajiya don ranar da wata ta lalace, duk a rasit ɗaya da sunan kamfani, da lambar IMEI ta kowace a rubuce a kai.